Wurin Baba a Teburin Sarki: Darasi a Kan Ciwon Karkarwa

Karatu: 2 Sama'ila 9:1-13, 1 Sarakuna 19:1-18, 2 Korantiyawa 4:16-18
Ayar haddacewa: 1 Sama'ila 16:7
Manufa: Mu gane halin da masu ciwon karkarwa suke ciki a zuciyarsu, mu kuma koyi yadda ikilisiya za ta riƙe musu wurinsu.

Gabatarwa



A nan Garwa, in ka gai da mutum da Hausa, zai ce maka lafiya lau. In ka gaishe shi da Fulatanci ka ce "Jam na?" zai ce maka "Jam." Ko a gadon asibiti yake kwance, amsar ke nan. Al'ada ce mai kyau, gama tana koya mana godiya ga Allah. Amma wani lokaci takan rufe abin da yake cin mutum a ciki.

Bari in ba ka labarin wani dattijo a ikilisiyar da nake hidima. Zan kira shi Baba kawai. Tsohon malamin makaranta ne. Shi ne yake karanta Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, shi ne kuma yake riƙe da littafin baiko saboda kyaun rubutunsa. Sannu a hankali sai ya koma zama a bencin baya. Fuskarsa ta daina fara'a. In an gaishe shi sai ya amsa a hankali, da kyar a ji muryarsa. Ranar Jibin Ubangiji ba ya fitowa gaba. Daga baya ya daina zuwa sujada gaba ɗaya.

Mutane suka fara magana. Waɗansu suka ce fushi yake yi don ba a sāke zaɓensa dattijo ba. Waɗansu suka ce sun ga yana tafiya yana tangaɗi, wataƙila ya soma shan bilbil. Waɗansu kuwa suka ce jifa aka yi masa. Ni ma, dole in faɗi gaskiya, na ɗauka fushi yake yi da ni. Na bar watanni suka wuce ban je gidansa ba.

Ran da na je, na same shi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, hannunsa na dama yana rawa a kan cinyarsa. Na ce, "Baba, ko mun yi muku wani laifi ne?" Ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce, "Fasto, ba fushi nake yi ba. Tsoro nake ji kada in zubar da ƙoƙon Ubangiji a gaban jama'a."

Ɗan'uwa, kunya ta kama ni ƙwarai a ranar. Darasinmu na yau ya fito ne daga wannan magana ta Baba.

1. Mene ne ciwon karkarwa?

Likitoci suna kiransa ciwon Parkinson, da sunan wani likita na birnin Landan, James Parkinson, wanda ya bayyana shi a rubuce a shekara ta 1817 bayan ya lura da mutum shida. Ana tunawa da masu wannan ciwo a duniya kowace ranar 11 ga Afrilu, ranar haihuwar likitan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 suna ɗauke da shi. Ya fi kama waɗanda suka wuce shekara 60, ko da yake yakan kama waɗansu tun ba su kai 50 ba. Ya fi yawa a cikin maza, amma mata ma suna kamuwa.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙwaƙwalwa akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da Allah ya shirya, masu yin wani sinadari da ake kira dofamin. Wannan sinadari shi yake sa saƙo ya tafi daidai daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da fuska da harshe. Sa'ad da ƙwayoyin nan suka fara mutuwa, dofamin yakan ragu, sai motsi ya yi wuya. Ka tuna da babur ɗin da man injinsa ya ƙare. Injin yana nan, mai tuƙi yana nan, amma tafiya ta zama da kyar.

Manyan alamunsa su ne rawar hannu ko ƙafa sa'ad da mutum yake zaune bai yin kome, sau da yawa a gefe ɗaya da farko, nawar motsi, sandarewar jiki, da saurin faɗuwa daga baya. Tafiya takan zama da gajerun taku, rubutu yakan ƙanƙance, murya takan yi ƙasa. Akwai kuma alamun da ba a gani, kamar bushewar ciki, rashin jin ƙanshi, da rashin barci mai kyau.

Ka lura da abu biyu. Na fari, ba kowace rawar hannu ce wannan ciwo ba. Waɗansu magunguna da waɗansu cututtuka ma suna kawo ta, don haka likita ne zai tantance. Na biyu, ba a ɗaukarsa ta wurin gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko shan ruwa a moɗa ɗaya. Kada ka guji mai shi.

2. Fuska ba ta faɗin abin da yake zuciya

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar gaskiya ce ga yawancin mutane, amma ga mai ciwon karkarwa ba haka take ba. Naman fuska ma yakan sandare kamar yadda hannu da ƙafa suke yi. Mutum yana murna a ciki, amma murmushi ya ƙi fitowa. Jikansa ya zo ya rungume shi, zuciyarsa ta cika da daɗi, fuskarsa kuwa kamar ta mai fushi. Ka yi masa tambaya, ya ji ka sarai, ya san amsar, amma sai an ɗan jima kafin magana ta fito. Mu kuwa ba mu da haƙurin jira. Sai mu juya mu tambayi matarsa, ko mu ƙarasa masa maganar, ko mu tashi mu tafi.

Ka yi tunani, ɗan'uwa. Mutumin da ya koyar da yara shekara da shekaru, yau a gabansa ake magana a kansa kamar ba ya nan. Wannan ya fi rawar hannu ciwo.

A cikin ayarmu ta haddacewa, Sama'ila ya je gidan Yesse don ya shafa wa sabon sarki mai. Ya ga Eliyab, ya dubi tsayinsa da kamanninsa, ya yanke shawara nan take. Ubangiji ya tsai da shi, ya koya masa cewa idon mutum yakan tsaya a kan abin da yake waje, shi Allah kuwa zuciya yake dubawa. In annabi kamar Sama'ila ya yi kuskure ta wurin duban fuska, ni da kai fa? Kuskuren da na yi wa Baba ke nan. Na karanta fuskarsa, na yanke masa shari'a, ban tambaye shi ba.

Saboda haka in ka ziyarci mai wannan ciwo, ka zauna daidai da shi, ka dube shi, ka yi masa magana shi da kansa. In ka yi tambaya, ka jira. Ka rage ƙarar rediyo don ka ji muryarsa. Kada ka yi masa magana kamar ƙaramin yaro. Dattijon da ka sani yana nan a ciki.

3. Nauyin zuciya yana cikin ciwon

Ga wani abu da yawancinmu ba mu sani ba. Sinadaran ƙwaƙwalwa da wannan ciwo yake taɓawa ba motsi kaɗai suke kula da shi ba. Suna da hannu a cikin farin ciki, da marmarin yin abu, da kwanciyar rai. Don haka kusan rabin masu ciwon sukan yi fama da ciwon damuwa a wani lokaci, wato baƙin ciki mai nauyi wanda ba ya tafiya. Da yawa kuma suna fama da fargaba. Ga waɗansu, damuwar takan zo tun shekaru kafin hannu ya fara rawa. Masu bincike da suka tambayi marasa lafiyan da kansu sun tarar cewa sau da yawa wannan nauyin zuciya ya fi rawar jiki ɓata musu jin daɗin rayuwa.

Akwai kuma wani hali, inda mutum yakan rasa marmarin kome. Ba ya son fita, ba ya fara hira, ko Littafinsa ba ya buɗewa. Iyali sukan ce kasala ce. A ikilisiya mukan ce ya yi sanyi cikin ruhaniya, ko ya ja da baya. Ɗan'uwa, mu yi hankali da bakinmu. Abin da muke kira rashin bangaskiya, sau da yawa alamar ciwo ce, kamar yadda zazzaɓi yake alamar cizon sauro.

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 19. Annabi Iliya, wanda ya tsaya shi kaɗai a kan Dutsen Karmel, ya gudu zuwa jeji, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ka lura da abin da Allah ya yi da shi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. A Horeb ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya saurari kukansa har ƙarshe. Bayan haka ya ba shi sabon aiki, ya nuna masa cewa akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Barci, abinci, kunnen sauraro, aiki, da aboki. Haka Allah ya yi jinyar bawansa.

In ɗan'uwanka mai ciwo ya ce ya gaji da duniya, ko ya ce gara ya mutu, kada ka rufe masa baki da cewa Kirista ba ya faɗin haka. Ka saurare shi. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin feshi da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. A gaya wa likita da sauri, gama ciwon damuwa yana da magani, mutane da yawa kuma sun sami sauƙi.

4. Laifin wane ne?

A ƙasarmu, daga Garwa zuwa Gidar, daga Fitowa zuwa Marwa, in ciwo ya daɗe bai warke ba, tambayar farko ita ce, wa ya yi masa? Sai a fara zargin kishiya, ko maƙwabci, ko ɗan'uwan da ake rigimar gona da shi. Waɗansu kuma su ce alhakin wani ne ya kama shi. Almajiran Yesu ma sun yi irin wannan tambaya a kan mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura 9. Suna so su san ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da zargin daga kansu duka, ya mai da hankalin almajiran ga aikin da Allah zai yi a rayuwar mutumin.

Akwai alamu biyu na wannan ciwo da suke jawo zargi ƙwarai. Waɗansu masu ciwon sukan yi ihu, ko duka, ko harbi da ƙafa cikin barci, suna aikata abin da suke mafarki. Waɗansu kuma, musamman in ciwon ya daɗe, sukan ga mutane ko dabbobi a ɗaki alhali babu kome. Wani lokaci maganin da suke sha ne yake jawo haka. In tsohuwa ce, nan da nan sai a ce mayya ce. In dattijo ne, a ce aljanu ne. Likitoci sun san waɗannan alamu sarai, sukan kuma gyara yawan magani don a sami sauƙi. Abin da ya kamata shi ne a gaya musu, a daina ɓoyewa.

Ga yawancin masu ciwon, tsufa da yanayin jiki da abubuwan da mutum ya yi ta cuɗanya da su ne suke haɗuwa. Kaɗan ne suke gadonsa. Akwai abu guda da ya shafe mu musamman, mu da muke ƙasar auduga da masara. Bincike ya nuna cewa yawan cuɗanya da waɗansu magungunan feshi na gona yana ƙara haɗarin kamuwa. A shekara ta 2012 ƙasar Faransa ta amince da ciwon Parkinson a matsayin ciwon da aiki yake jawowa ga manoman da suka daɗe suna aiki da irin waɗannan magunguna. Saboda haka, ɗan'uwa manomi, ka rufe hanci da baki da hannu sa'ad da kake feshi, kada ka yi feshi iska tana busowa ta wajenka, ka yi wanka da sabulu bayan ka gama, kada kuma a zuba ruwan sha ko man girki a galan ɗin magani. Jikinka haikalin Ruhu Mai Tsarki ne.

5. Addu'a da magani

Har yanzu babu maganin da yake warkar da ciwon karkarwa gaba ɗaya. Amma akwai maganin da yake rage shi ƙwarai. Tun shekarun 1960 ake amfani da shi. A kan kwalinsa za ka ga an rubuta levodopa. Yakan shiga ƙwaƙwalwa ya zama dofamin. Mutumin da ya kasa sa maɓallin rigarsa yakan iya komawa yi da kansa. Matsalarmu a arewacin Kamaru ita ce yawancin likitocin ƙwaƙwalwa suna Yawunde da Duwala, magani yana da tsada, kuma ana shansa kullum har ƙarshen rai. Duk da haka, a fara da asibitin da yake kusa. Asibitin yanki na Garwa yana nan, likitocin da suke wurin za su duba, su kuma nuna inda za a je in da bukata.

Ga abubuwan da iyali za su kiyaye. A sha magani a kan lokacinsa, kada a yi jinkiri. Nama, kifi, wake da nono sukan rage shigar maganin in an haɗa su lokaci ɗaya, don haka a tambayi likita tazarar da za a bari tsakanin magani da abinci. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa yake wuce digiri 40, a sha ruwa da yawa, a kuma tashi tsaye a hankali, gama jiri yakan ɗebi masu wannan ciwo. Ganye irin su zogale da yakuwa, da gwanda da mangwaro, suna taimakon bushewar ciki. Tafiya da ƙafa kowace safiya kafin rana ta yi zafi magani ce babba ga jiki da zuciya. In ƙafa ta maƙale a bakin ƙofa ta ƙi ɗagawa, kada a ja mutum da ƙarfi. A ƙirga masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ko a tafa hannu, ko a rera waƙa mai kiɗan tafiya. Sau da yawa ƙafar takan saki.

Yanzu ka ji wannan gargaɗi da kyau. Kada kowa, ko fasto ne ko mai addu'a, ya ce wa mara lafiya ya zubar da maganinsa don ya nuna bangaskiya. Tsai da wannan magani farat ɗaya yana da haɗari, har yakan kai ga rasa rai. Mun gaskata Allah yana warkarwa. Yakubu sura 5 ta umarce mu mu kira dattawan ikilisiya su yi wa mara lafiya addu'a, muna kuwa yi. Amma Bulus da kansa ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alheri mai isarsa. Bulus ɗin nan kuma yana tafiya da Luka likita, yana kiransa ƙaunatacce. In ɗan'uwa bai warke ba bayan addu'a, kada mu ɗora masa laifin ƙarancin bangaskiya a kan ciwon da yake ɗauke da shi.

6. Teburin sarki

Mu koma ga karatunmu na fari. Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara biyar sa'ad da labarin mutuwar mahaifinsa da kakansa Saul ya zo. Mai renonsa ta ɗauke shi tana gudu, ya faɗi, ya gurgunce. Ya girma a Lodebar, a gidan wani, nesa da fada. Babu wanda yake tunawa da shi.

Ka lura da abu uku. Na fari, Dawuda ne ya nema. Mefiboshet bai aika da takardar roƙo ba. Mai ciwon karkarwa ma ba zai zo ya ce muku yana jin kaɗaici ba. Kunya da nauyin zuciya ba za su bar shi ba. Mu ne za mu tambaya, wa ya ɓace daga bencinsa?

Na biyu, sa'ad da Mefiboshet ya zo, ya kwatanta kansa da mushen kare. Haka ciwo mai daɗewa yake sa mutum ya ga kansa. Dawuda ya kira shi da sunansa, ya kwantar masa da hankali, ya mayar masa da gonakin kakansa. Ya mayar masa da mutuncinsa ke nan.

Na uku, ya ba shi wuri a teburinsa kullum, kamar ɗaya daga cikin 'ya'yan sarki. Ka karanta aya ta ƙarshe ta surar. Ta sāke tuna mana cewa har yanzu gurgu ne. Ƙafafunsa ba su warke ba, amma wurin zamansa ya sāke.

Ikilisiya ba ta da ikon mayar da dofamin cikin ƙwaƙwalwar mutum, amma tana da ikon riƙe masa wurinsa. A sa masa kujera mai hannu kusa da ƙofa, don tashi daga benci yana da wuya. Matasa masu babur su yi jeri na ɗauko shi ranar Lahadi, wani ya zauna a bayansa ya riƙe shi. In muryarsa ta yi ƙasa, a kai masa lasifika kusa. A gayyace shi cikin mawaƙa, gama waƙa tana ƙarfafa murya da numfashi. A ci gaba da neman shawararsa a kan al'amuran aure da sulhu. In ana cin abinci a taro, a ba shi cokali da kofi mai hannu wanda ba a cika shi ba, a zauna a ci tare da shi, ko tuwo ya zube, ko yawu ya zubo. A kuma buɗe asusu don kuɗin magani, gama wata guda ba magani yakan mai da mutum baya ƙwarai. Bulus ya koya mana a 1 Korantiyawa sura 12 cewa gaɓoɓin da muke gani kamar raunana ne, jiki ba zai iya yi ba tare da su ba.

Wannan ƙauna kuma ba ta tsaya a ƙofar majami'a ba. Ciwon ba ya tambayar addinin mutum. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali, Musulmi ne, an gano yana da shi a 1984, duniya kuma ta gan shi a 1996 yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta, hannunsa yana rawa. In maƙwabcinka Musulmi yana da wannan ciwo, ka gaishe shi, ka gaya wa iyalinsa abin da ka koya a nan.

7. Kada a manta da mai jinya

A gidan Baba, akwai mutum na biyu da yake shan wahala, wato Mama. Ita take yi masa wanka, ita take juya shi da dare, ita take sayar da ƙosai don kuɗin magani. Kowa ya zo sai ya ce, "Mama, yaya jikin Baba?" Ba mai cewa, "Mama, ku fa, yaya ƙarfin jikinku?" Ta taɓa ce mini, "Fasto, wani lokaci nakan yi masa tsawa, daga baya in shiga ɗaki in yi kuka."

Galatiyawa 6:2 ta umarce mu mu taya juna ɗaukar kaya. Zumuntar Mata za ta iya tsara mata biyu su je kowane mako, su zauna da mara lafiya, don mai jinya ta je kasuwa, ta je sujada, ko ta kwanta ta yi barci. 'Ya'yan da suke aiki a Ngaundere ko Yawunde, aika kuɗi yana da kyau, amma ku kira ta waya, ku zo ku karɓi mahaifiyarku na 'yan kwanaki.

8. Zuwa gare ka, kai mai ciwon

Wataƙila kai da kanka ne kake riƙe da wannan takarda tana rawa a hannunka, ko wani ne yake karanta maka. Ina da magana da kai.

Dattawan Garwa suna tunawa da watan Agusta na 1985, sa'ad da Fafaroma John Paul na Biyu ya zo garin nan ya yi sujada da 'yan'uwanmu Katolika. A lokacin yana da shekara 65, da ƙarfinsa, da babbar murya. Daga baya ciwon karkarwa ya kama shi. Bai ɓuya ba. Ranar Ista, 27 ga Maris 2005, ya fito taga a Roma don ya sa wa jama'a albarka. Ya yi ƙoƙarin magana, murya ta ƙi fitowa. Sai ya ɗaga hannu ya sa albarkar. Ya rasu ranar 2 ga Afrilu. Mutane da yawa suna tunawa da wannan hannu har yau.

Kai ma kana da albarkar da za ka sa. Bulus ya yarda cewa jikinmu na waje yana lalacewa, bai ɓoye ba. Amma ya ce akwai mutum na ciki wanda Allah yake sabuntawa kowace rana, ciwo kuwa ba ya kai hannu wurin. Ran da ba ka jin daɗin addu'a, ceton ka bai ragu ba, gama ba a kan yadda kake ji yake tsaye ba, a kan aikin Almasihu ne a gicciye. Ran da ka kasa haɗa kalmomi, Romawa sura 8 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominka. Ka karanta Zabura 71, addu'ar tsoho ce wanda ƙarfinsa ya ƙare, yana roƙon Allah kada ya rabu da shi. Ka mai da ita taka. Kuma in an gaishe ka, ka amsa lafiya lau yadda muka saba, amma ka sami mutum ɗaya amintacce wanda za ka gaya wa gaskiyar abin da yake zuciyarka.

Kammalawa

Baba bai warke ba. Yana shan maganinsa, hannunsa yana rawa har yanzu. Amma ranar Jibin Ubangiji da ta biyo bayan ziyarar nan, wani matashi ya ɗauko shi. Da aka zo kan ƙoƙo, wani dattijo ɗan'uwansa ya sa hannunsa a ƙarƙashin hannun Baba, suka ɗaga tare, ya sha. Kaɗan ya ɗiga a rigarsa. Ba wanda ya damu. Tun daga ranar haka muke yi. Shi ne kuma yake sa mana albarka a ƙarshen taron dattawa, mukan yi shiru ƙwarai don mu ji shi.

Ɗan'uwa, dukanmu guragu ne da Sarki ya aika aka ɗauko daga Lodebar. Ba ƙarfin hannunmu ya ba mu wuri a teburinsa ba. Wa ya ɓace daga bencinsa a ikilisiyarku? Ka je wurinsa a wannan mako.

Tambayoyi don nazari

1. Waɗanne abubuwa biyar Allah ya yi wa Iliya a 1 Sarakuna 19? Wanne ne za ka iya yi wa wani mara lafiya a wannan mako?
2. Me ya sa bai kamata mu auna zuciyar mai ciwon karkarwa da fuskarsa ba?
3. Yaya za ka amsa wa wanda ya ce shan magani rashin bangaskiya ne?
4. Me ayar ƙarshe ta 2 Sama'ila 9 take koya mana a kan wanda aka yi masa addu'a bai warke ba?
5. Wane shiri ikilisiyarku take da shi domin masu jinya a gida?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai da kake duban zuciya, ka gafarta mana inda muka yanke wa bayinka shari'a bisa ga fuskarsu. Ka ta'azantar da dukan masu ciwon karkarwa, ka ɗauke musu nauyin zuciya da tsoro da kunya. Ka ƙarfafa masu jinyarsu. Ka ba likitoci hikima, ka buɗe hanyar samun magani. Ka ba mu haƙurin jira da kunnen sauraro, ka sa ikilisiyarka ta riƙe wa kowane ɗanka wurinsa a teburinka. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.